Tambayi Kawu: wace ukulele ce zata jure gida mai yara da iskar hunturu?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonni huɗu ne suka haɗu akan abu ɗaya, wato ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake cewa ukulele, shi yasa nace bari in haɗa su wuri guda in huta. Ta farkon zan daɗe akanta domin amsar sauran rabi duk tana cikinta.

Tambaya: Salam Kawu, dan Allah shawara nake nema. 'Yata ce 'yar shekara 11 ta ga ukulele a makarantarsu, tun daga ranar ta hanani sakat, ni kuma gsky nima inason in ɗan koya don in na gama aikin gida da daddare in samu abin ɗebe kewa. Matsalar yara huɗu gareni, autan shekararsa 3 kuma duk abinda ya kama sai ya ga bayansa, rimot biyu ya kashe mana bana. Na duba intanet naga wasu araha kamar banza wasu kuma kuɗinsu ya kai na babur, wani yace min in sayi ta katako zalla wai ita ce mai ƙarko. Wacce zan saya wadda zata daɗe? Daga Maman yara huɗu, Kano.

Amsa: Wa alaikissalam Hajiya, Allah ya raya mana auta ya shirya shi. Wanda ya baki shawarar nan da akan gado ko ƙofa yake magana da nace ya yi gaskiya, amma a ukulele abin a juye yake, ta katako zalla ita ce mafi daɗin murya kuma ita ce mafi saurin lalacewa, musamman a gari irin Kano.

Kinga fuskar ukulele, wato allon saman nan mai rami a tsakiya, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, da gangan ake fere shi haka don ya riƙa rawa in an kaɗa tsirkiya. Shi kuma katako ko bayan shekara ɗari da sarewa bai daina shan laima yana fitarwa ba, in iska ta jiƙe ya kumbura in ta bushe ya tsuke, kamar dai ƙofar katakon da take ƙin rufuwa da damina amma da rani har haske kike hangowa ta gefenta. To ita ƙofa tana da wurin motsi, shi wannan allon an manne shi da gam ta ko'ina, ga wasu 'yan sanduna an gicciya masa ta ciki, in ya so tsukewa bai samu hanya ba sai ya tsage kawai. Masu ƙera kayan kiɗan katako cewa suke a ajiye su inda laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Kano da hunturu laimar tana sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 70, kinga duk shekara sai an ja katakon nan an sake shi, an ja an sake.

Ni ganau ne ba jiyau ba. Ta farko mai tsada da na taɓa mallaka wani abokina ne ya taho min da ita daga waje, tsantsar katakon mahogani, wato dangin maɗacin nan namu, na rataye ta a falo ina ta nuna wa baƙi. Wani dare cikin Janairu ana tsananin hazo, leɓe duk ya farfashe, naji ƙara tas kamar an karya tsinke, na ɗauka ɓera ne na koma barcina. Da safe na tarar da tsaga tun daga ƙasan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke ɗaure a jikinsa, har gindinta. Ba wanda ya taɓa ta, ba yaro ba babba, iska ce kawai. An ɗinke min ita daga baya tana aiki har yau, amma tabon na nan kuma duk sanda na kalle shi sai naji haushin kaina.

Don haka zaɓinki biyu ne. Na farko katako mai hawa-hawa, irin tsarin filawud amma siriri sosai, a talla zaki ga sun rubuta laminate. Yawanci falle uku ake mannewa, jijiyar na tsakiya a gicciye da ta sauran, saboda haka kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa, ba mai samun damar tsukewa yadda yake so. Muryarta bata kai ta katako zalla zaƙi da tsawon amo ba, wannan gaskiya ne, amma wlh a falo ga fanka na juyawa ga janareton maƙwabta, in an rufe miki ido da wuya ki bambance, balle mai koyo. Wata dabara, in talla bata rubuta kalmar solid, wato katako zalla, ƙarara ba, to mai hawa-hawa ce ko da sun cika ki da sunayen itatuwa, kuma in kina riƙe da ita ki duba bakin ramin nan, zaki ga layi-layin fallayen kamar biskit mai kirim in dai ba'a rufe bakin da ado ba. Irin Kala KA-15S na cikin waɗanda masu koyo suka fi saye a duniya, kamfanin Kala ɗin a Kalifoniya yake tun 2005 duk da dai masu arahar a Chaina ake haɗa su, kuma a can kuɗinta bai kai dala 100 ba. A naira kuwa bazan faɗi komai ba, kafin mujallar nan ta iso hannunki ya canza.

Na biyu ita ce ta roba, kuma kar ki raina ta don kinji roba. Tun wajen 1950 wani Ba'italiye maƙerin jita mai suna Mario Maccaferri ya fara buga ukulele ta roba a Amurka, ya sayar da miliyoyi, wasunsu har yau suna hannun mutane ana kaɗawa. Na yanzu sun kasu. Akwai Kala Waterman, roba ce tun daga kai har gindi, ko a baho auta ya tsoma ta sai dai ki zazzage ruwan ki goge, amma ni a kunnena muryarta a dushe take kaɗan kuma waɗanda na taɓa riƙewa tsirkiyarsu ta yi sama da yawa. Akwai Enya Nova U, ita robarta an cakuɗa da zaren kabon, siririya ce, tana da ƙarfi, danninta da laushi. Akwai Outdoor Ukulele da ake yi a jihar Oregon ta Amurka da roba mai tauri sosai, don masu yawon daji da kwale-kwale aka yi ta, sai dai samunta a nan aiki ne. Sannan akwai 'yan tsakiya, baya da gefe roba fuska kuma katako mai hawa-hawa, kamar Makala Dolphin da Flight TUS35, waɗannan sun ɗebo juriyar roba sun kuma ɗan riƙe muryar katako.

In ni ne ke, da auta ɗan shekara 3 a gida, Nova U zan ɗauka ko Flight ɗin nan. In ya kai biyar ya fara jin magana, 'yarki kuma ta nuna da gaske take ba zumuɗin wata ɗaya bane, sai a ƙaro ta katako mai hawa-hawa. Abu biyu kawai zaki sani game da roba, zafi yana lanƙwasa ta, kar a bar ta a mota ko a tsakar gida da rana, sannan masu firet ɗin roba, wato 'yan layukan nan da ke gicciye a wuya inda ake danna yatsa, basa son tsirkiyar da aka naɗe da waya, tana cinye su a hankali.

Ko wacce kika zaɓa, in da hali ki je da kanki, zuwa da kai ya fi saƙo, domin ukulele biyu kamfani ɗaya kwali ɗaya sai ki samu ɗaya lafiya ɗaya da matsala. Ki fara da kunnuwan ɗaure tsirkiya, ki nemi masu giya, waɗanda suka fito gefe kamar kunne kuma ta baya kina ganin ɗan haƙoran ƙarfe, ki murɗa kowanne ki ji yana tafiya sumul ba ya kwance ba ya cijewa. Masu miƙewa ta baya kai tsaye ba giya, masu kyansu suna da kyau amma na araha zamewa suke, mai koyo zai sha wahala. Sai ki shafa yatsa a gefen wuya sama da ƙasa, in ƙarafunan firet suna kartar hannu ki ajiye ta. Sai jaki, wato ɗan katakon da aka manne a fuska inda tsirkiyoyi suke ɗaure, ki gwada cusa gefen takarda ta ƙarƙashinsa ta baya, in ta shige to ya fara ɗagowa tun a shago. Na ƙarshe kuma wanda ya fi kowanne sa yara su watsar da koyo, tsayin tsirkiya daga wuya. Ki ƙirga zuwa firet na 12, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen bai kamata ta wuce milimita 3 ba. Ba sai kin nemi ruwla ba, katin ATM kaurinsa ya kusa kashi uku cikin huɗu na milimita, ki haɗa guda huɗu ki zura, in sun shige da kyar ko sun ɗan taɓa tsirkiya lafiya lau, in sun shige har da sauran fili yatsun yarinya zasu yi ciwo ta ce bata so, ke kuma ki ɗauka lalaci ne.

Waɗancan masu arahar banza kuma, masu fenti kala-kala da hoton katun da ake sayarwa tare da motocin wasan yara, ba kayan kiɗa bane, sifar ce kawai. Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Amma fa in kin samu ki saya wa auta ɗaya, ya samu tasa ya ƙyale ta yayarsa.

Wajen ajiya, ni bana goyon bayan a kulle ta a jaka a cusa saman wadrof, wadda aka ɓoye ba'a kaɗa ta, kuma kince ta yau da gobe kike so. A kafa mata marataya a bango inda hannun auta ko ya taka kujera bazai kai ba, banda bangon da rana ke dukansa ta waje har ya yi zafi da yamma, banda saitin iskar AC domin shima busar da iska yake, banda kusa da kicin.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Na sayi sabuwa sati ɗaya kenan amma ko minti goma bata yi sai muryar ta sauka, in saita da manhajar waya in fara kaɗawa ta sake zubewa, anya ba jabu aka sayar min ba? Ina tunanin in mayar musu. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena dakata tukuna kar ka je ka yi faɗa a banza. Tsirkiyar ukulele ba ƙarfe bace, nailan ce ko danginsa, sabuwa kuma miƙewa take yi kamar sabuwar igiyar shanya, sai ta yi sati ɗaya zuwa biyu ana ɗaurewa tana saki kafin ta zauna, ko ta dala dubu ka saya haka zata yi maka. Ka riƙa saita ta duk sanda ka wuce ta kusa da ita ko ba kaɗawa zaka yi ba, haruffan da manhajar zata nuna maka su ne G C E A daga ta sama zuwa ta ƙasa, zata gaji ta tsaya.

In an wuce sati uku bata daina ba sai a nemi mai laifi. Ka ɗiga alamar biro a jikin tsirkiya daf da inda ta shiga kunne, in ka ga alamar tana matsawa to naɗin ne ke zamewa, ko kuma ƙullin da ke wajen jaki, a kwance a sake ɗaurewa da kyau. In kunnen ne da kansa yake juyawa baya, irin marasa giyar nan suna da ɗan sukuru a tsakiyar kai, ka ɗan ƙara masa ɗauri da sukudireba, kaɗan fa, kwatan zagaye ya isa. Wanda zai sa ka mayar da ita da gaske shi ne wannan, ka saita tsirkiya daidai a sake, sannan ka danna ta a firet na 12, manhajar ya kamata ta nuna maka harafi ɗaya da na farko. In ta kauce kaɗan ba komai, duk ƙananan haka suke, in kuwa ta tafi kusan wani harafin daban akan duka huɗun, to ko jakin ba'a manna shi a wurinsa ba ko tsirkiyar ta yi sama da yawa, wannan kam ka kai musu abarsu.

In ka tashi canza tsirkiya, yawancin sababbi da Aquila suke zuwa, fararen nan da ake yi a Italiya, suna da ƙara. Ni na fi son na fulorokabon, masu kama da gilashi, asalinsu irin zaren fatsar kamun kifi ne, basa shan laima kamar nailan saboda haka canjin yanayi bai cika damunsu ba.

Tambaya: Kawu ni babba ne hannuna kamar faranti, naga akwai girma kala-kala, wanne zan ɗauka? Sannan wai ita wannan abar garayar Turawa ce ko jaririyar jita? Daga wani direba a Maraɗi.

Amsa: Malam direba ka bani dariya wlh. Girman huɗu ne sanannu, sofrano ita ce ƙarama wajen inci 21, kwansat inci 23, teno inci 26, sai baritan wajen inci 30. Ukun farko ɗaurinsu ɗaya, abinda ka koya a ɗaya zaka kaɗa a sauran, ita baritan ɗaurinta D G B E ne irin na tsirkiyoyi huɗun ƙasa na jita, kusan duk darussan da zaka samu a YouTube ba nata bane, ka barta. Mai hannu irin naka teno, ko kwansat in kana son yaran gida suma su taɓa.

Batun asali kuwa, ba ta Turawan Ingila bace kuma ba jita ce ta haife ta ba. 'Yar tsibiran Hawayi ce a tsakiyar tekun Fasifik. A watan Agustan 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal a Honolulu, an kawo su aikin gonakin rake, suka zo da ƙananan kayan kiɗansu masu tsirkiya. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, da suka gama kwantiragin gona suka buɗe shago suka fara ƙera irinta da itacen koa na can. Sarkin Hawayi na lokacin, Kalakaua, ya so ta ƙwarai har ta shiga kiɗan fada, sannan bajekolin da aka yi a San Faransisko a 1915 ya watsa ta cikin Amurka. Sunan ana yawan fassara shi da ƙuma mai tsalle, wai don yadda yatsu ke tsalle a kanta. Abin da ke burge ni, Amurkawa yukuleli suke cewa, su kuwa masu abin suna faɗinsa ne daidai yadda Bahaushe zai karanta shi a rubuce, u-ku-le-le, kaga mun fi su iyawa. Kamfanin Kamaka da aka kafa a Honolulu a 1916 har yanzu zuri'ar mai shi ke riƙe da shi, ukulelensu na koa zalla ya haura dala 1,000, kuma irinsu ne ainihin waɗanda hunturunmu zai fi yi wa illa, an haife su a tsibiri mai laima shekara duka.

Tunda ka ambaci garaya, kar ka ɗauko al'adarta ka kawo nan. Kayan kiɗanmu masu fata in sun yi sanyi sun saki akan ɗan shanya su a rana ko a kanga su da wuta su ɗaure. Ukulele in ka yi mata haka gam ɗin zai yi laushi jaki ya tashi. Kuma kai da kake wuni a mota, kar ka barta a ciki gilashi a rufe ko na awa ɗaya.

Tambaya: Kawu ni na riga na yi kuskuren, ta katako zalla gareni kyauta aka bani, yanzu jakin ya fara ɗagowa ta baya, in ɗiga masa sufa gulu? Kuma wani yace in sa mata wayar jita ta fi ƙara. Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

Amsa: Malama a'a, duka biyun a'a. Yanzun nan kafin ki gama karanta wannan ki sassauta tsirkiyoyin duka su yi laƙwas, domin in jakin ya fizge da ƙarfi da naman fuskar zai tafi. Sufa gulu zai bushe akan tsohon gam da ƙura, ya riƙe na ɗan lokaci ya sake saki, kuma ya ɓata wa mai gyara aiki. Gyaran gaskiya sai an cire jakin gaba ɗaya an kankare tsohon gam har katako ya haɗu da katako, a sa gam ɗin katako, a matse da kilam, wato abin matse katako, ta cikin ramin ya kwana ya wuni kafin a mayar da tsirkiya. Ki nemi masu gyaran jita, ki tambayi 'yan bandi ko masu kiɗan coci a garinku sun san inda suke kai nasu, kar ki ba kafintan kujera don zai iya buga mata ƙusa. Wayar ƙarfe kuma ko da wasa, jan da take yi ya fi ƙarfin jikin ukulele nesa ba kusa ba, wuya zai lanƙwashe jaki ya tashi.

In an gyara, daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu a cikin akwatinta zata riƙa kwana a rufe. Ki samu ƙaramin kwanon sabulu na roba mai murfi ki huhhuda murfin, ki jiƙa soso ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki saka a ciki ki ajiye wajen kan ukulelen yadda ruwa bazai taɓa katako ba, duk bayan kwana biyu ko uku ki duba in ya bushe ki sake jiƙawa. Ruwan sama na sauka ki cire soson, in ba haka ba fumfuna zata kama miki cikin akwatin.